Hannun da Ba Ya Ɗaure Kansa

A zamanin da, a wata ƙasa da sunanta ya ɓace wa masu ba da labari, an yi wata budurwa 'yar mahauta mai suna Hansai. Har ta tsufa ba ta manta ranar da ta fara ganin Arzika ba. Ya zo neman yayanta Nomau, ya tsaya a bakin zaure ya roƙi ruwa. Da ta miƙa masa ƙwarya sai ya karɓa da hagu, domin hannunsa na dama a kumbure yake, ya ce, "Yi haƙuri da hagu, ƙanwar Nomau." Ƙato ne da maza ke shakka, ga shi yana ba yarinya haƙuri kai a sunkuye. Ta koma ciki, ran nan kuwa gishiri ya yi wa miyarta yawa.

Nomau da Arzika 'yan dambe ne, kuma kowannensu maɗaurin ɗan'uwansa ne. A al'adar fagen ƙasar, mutum ba ya iya naɗa wa kansa kara, wato zaren da ake ɗaure dunƙulallen hannu da shi. Mutum ɗaya yake zaɓa ya riƙa ɗaure masa har ya bar dambe, don maɗauri ne ya san yatsan da ya taɓa karyewa, ya san layar da ke cikin tafi. Shi ya sa ba a dambe da maɗauri. Arzika ya daɗe da aiko magabata, iyaye sun amince, ta bakin Hansai kaɗai ake jira. Ita kuwa da an tambaye ta sai ta ja mayafi ta gudu.

Sarkin ƙasar ya gaji da gardama. Kowane gari ya ce zakaransa ne ya fi, manyan 'yan damben kuma suna kauce wa juna, kowa na zaɓen wanda zai iya kayarwa. Sai Waziri ya kawo shawara a riƙa gasa kowace kaka: a haɗa su bibbiyu da ƙuri'a, wanda ya faɗi ya koma gida, wanda ya kayar ya wuce gaba, har a rage mutum ɗaya. Aka yi shela cewa wanda ya ƙi abokin karawarsa zai bar ƙasar. Sarki kuma ya rantse gaban Sarkin Fawa ba zai taɓa sauran al'adun fage ba.

Da farko abin ya yi armashi, kalangu ya yi ta tashi. Amma a hankali maza suka fara ƙin ɗaure wa juna, don kada wata rana su haɗu da wanda ya san lagonsu. Masu shiga suka yi ta raguwa.

Shekarar da Nomau da Arzika suka shiga, kowa ya yi ta share gefensa, har aka wayi gari ba kowa sai su biyu. In sun kara, zumunci ya mutu, aure ya bi shi. In sun ƙi, su biyun za a kora.

Hansai, wadda ba ta iya haɗa ido da baƙo, ta ɗauki mayafi ta tafi ƙofar Waziri, ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, yayana ne Nomau."

"Ɗayan fa?"

Ta sunkuyar da kai, tana zane a ƙasa da yatsa.

Waziri ya yi murmushi. "Na gane, 'yata. To, wa ke ɗaure wa yayanki?"

"Shi."

"Shi kuma wa ke ɗaure masa?"

"Yaya."

Waziri ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, "Ni na ƙulla wannan abu, ni ya kamata in ga inda ya shaƙe. Je ki gaya musu su fito gobe, kada su ƙi. Su bi al'ada kawai, daki-daki."

Washegari da la'asar fage ya cika. Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, tunda karon ƙarshe ne, a yi ɗaurin a tsakiyar fage, kowa ya shaida." Sarki ya yarda.

Suka zauna suna fuskantar juna. Arzika ya naɗa wa Nomau kara a tsanake, ya ja, ya ƙulle. Sa'an nan ya miƙa nasa hannun. Nomau ya dubi damtsensa da ya zama kamar kan taɓarya, ya kama zare da hagu, ya sa haƙori, zare ya zame.

Ya ce, "Kai, riƙe mini nan mana!"

"Da wanne? Wanda za ka ɗaure?"

Aka tuntsire da dariya. Sarki ya ce a kwance a sake, Nomau ya fara. Aka sake, sai ga Arzika da hannu a ɗaure, Nomau da hannu tsirara.

Sarki ya murtuke. "A kira wani ya ɗaure masa."

Sarkin Fawa ya sunkuya. "Zaki, rantsuwarka tana nan."

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, laifin shawarata ne. Na shirya yadda za a rage mutum ɗaya, na manta ɗan dambe ɗaya da mutum biyu ake yin sa. In muka dage, baɗi ba wanda zai ɗaure wa wani, gasa ta ci 'ya'yanta, mu zo kallon fage babu kowa."

Sarki ya dubi ƙartin nan biyu zaune cikin yashi, zare ya harɗe musu ƙafafu. Dariyar da yake riƙewa ta ƙwace. Ya yanke hukunci cewa gasa tana nan, amma daga yau ɗan dambe da maɗaurinsa gida ɗaya ne: ƙuri'a ba ta haɗa su, in kuma sun kai ƙarshe tare, girman na gidan ne. Makaɗa suka haɗa taken mutum biyu a kalangu ɗaya.

Aka watse, aka bar Arzika yana fama da ƙullin da Nomau ya yi masa, ga Nomau can mutane sun ɗaga shi sama. Sai Hansai ta ratso mata, ta tsaya gaban Arzika.

Nomau ya hango ta, ya ɗaga murya. "A'a! Yau kuma ba gudu?"

Ba ta kula shi ba. Ta kama bakin zaren, ta ce da muryar da har Waziri ya ji, "Ɗauri na Yaya ne, ban hana shi ba. Amma kwancewa tawa ce. Ko ka kayar ko an kayar da kai, ka kawo hannun gida, ni zan kwance maka muddin ina raye."

Arzika, wanda bai taɓa kai gwiwa ƙasa a fage ba, sai ya nemi wuri ya zauna.