Sunan Ɗan Kofur Nomau

Ku gyara zama, ga wata magana da ta gagari dattawan garinmu.

A zamanin yaƙin basasa, akwai wata bataliyar sojan ƙasa mai kamfani huɗu, kowane da aikinsa. A cikinta akwai Kofur Nomau, wanda ake aika da saƙo tsakanin kamfani na ɗaya da na biyu. Wata rana da hantsi aka ba da umarnin ja da baya zuwa ƙetaren wani kogi. Nomau yana kan hanya harsashi ya same shi a cinya, ya faɗi cikin gonar rogo. Kurmi mai duhu ya kewaye gonar, bai san gabas ba balle yamma. Kamfani na ɗaya suka ɗauka yana wajen na biyu, na biyu suka ɗauka yana wajen na ɗaya, da aka ƙetare kogin aka ce mutane sun cika.

Sallau kuku ne ya ankara. Kullum in aka gama rabon abinci, Nomau yakan zo neman ƙanzo. Ran nan ƙanzo ya huce a tukunya ba mai nema. Sallau ya je wajen samanja.

"Ranka ya daɗe, Nomau ba ya nan."

"Kai da ludayi aka sani, yaushe ka zama mai kiran suna?"

"Tukunyata ba ta ƙarya, ranka ya daɗe."

Bai gusa ba sai da aka sake kiran suna, aka ga gaskiyarsa.

To, ina za a neme shi? Iliya mai bigila ya fita fili a bakin kogi, inda abokan gaba ke iya hango shi, ya yi ta busa kiran abinci. Nomau ya ji, ya gane busar gida, ya riƙa jan ciki yana bin sautin har ya iso gaɓa. Nan ƙarfinsa ya ƙare.

Sai Haladu mai ɗaure raunuka ya shiga ruwa, ga shi bai iya iyo sosai ba. Ya ƙetare, ya tsayar da jinin, ya goyo Nomau ya dawo da shi.

Bayan yaƙi da shekara biyu, Allah ya ba Nomau ɗa namiji, ya ƙudura zai sa masa sunan wanda ya ceci ransa. Ranar suna duk ukun suka zo, suna zaune kan tabarma ɗaya. An raba goro, rago yana ɗaure, liman ya karkato kunne ya ce, "Malam Nomau, me za a kira yaron?"

Nomau ya dubi Sallau, ya dubi Iliya, ya dubi Haladu.

To, jama'a, yaro ɗaya ne, suna ɗaya. Sunan wa ya kamata ya raɗa wa liman?