Dokar Maƙera da Aka Rasa Sunanta

To, ku matso. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Wata shekara dabbobin wani gari suka haɗa hannu suka gina maƙera ta kowa da kowa. Suka sayi zugazugi da masaba da awartaki. Amma ina, ba a yi wata guda ba wuri ya rikice: wannan ya ɗauki kaya bai mayar ba, wancan ya tsallake sahu.

Bushiya ta fi kowa jin haushi. Fartanyarta ɗaya tal, ta kuma karye, ga damina ta ƙarato. In ba ta ƙera wata ba, ciyawa za ta cinye mata gero. Sai ta tara jama'a ta ce a kafa doka.

A garin nan kuwa doka ba ta hawa kan kowa sai Zakara ya yi shelarta ranar kasuwa, da sunanta. Gizo ya san da wannan sarai.

Taron farko, Bushiya ta ce, "Magana uku ce. Ka ɗauka, ka mayar. Ka ɓata, ka share. Ka zo, ka bi sahu."

Gizo ya ce, "Madalla, Gwaggo. Amma doka za mu kira ta? Mu fursunoni ne?"

Dattijo Kunkuru ya gyaɗa kai ya ce lallai sunan ya yi kaushi. Aka yi ta ja har kasuwa ta ci ta watse. Ranar nan awartaki ya yi ƙafa.

Taro na biyu aka ce a kira ta yarjejeniya. Gizo ya ce, "Sunan ya yi. Sai dai 'ka mayar' ɗin nan, haka za a ce wa Baba Kunkuru, gatsal, kamar yaron gida?"

Kunkuru ya ce shi ma abin ya ɗan sosa masa rai. Aka shiga ƙara "don Allah" da "in ba damuwa", har magana uku ta zama talatin, Zakara ya ce shi numfashinsa ba zai kai ba. Kasuwa ta sake wucewa, masaba ta bi awartaki.

Ke Laraba, in kika ƙara gyangyaɗi na fasa ba ku tatsuniyar.

Taro na uku, hadari ya haɗo daga gabas. Gizo ya miƙe ya ce, "Ni dai har yanzu sunan nan..."

Bushiya ta ce, "Gizo, zauna. Na gaji, wallahi na gaji. Mako uku muna raɗa wa magana suna kamar jaririya. Malam Zakara, je ka faɗi ukun nan yadda na faɗe su tun farko."

"Da wane suna, Gwaggo?"

"Ka ce Dokar Maƙera. Wanda bai so ba ya sha ruwa."

Zakara ya hau tsauni ya yi shela, kowa ya ji. Bushiya ta ɗauki guntun ƙarfenta ta ruga maƙera. Tana shiga ta tarar da wuri fayau, ko zugazugi babu, sai toka. Aka bi sawu har ƙofar Gizo, ashe ya kai kayan wani gari ya sayar.

Gizo ya ce, "Wace doka na karya? Yau aka yi shela, ni kuwa tun jiya na gama kwashewa."

Kunkuru ya buɗe baki zai ce a kira taro. Bushiya ta dube shi, ya mayar da kansa cikin ƙoƙo.

Ruwa ya sauka. Baiwar Allah da farce ta yi noman bana, geronta bai cika ƙwarya biyu ba. Shi ya sa har yau in kun taɓa bushiya sai ta dunƙule ta ƙi kula ku. Zato take taro za ku kira ta.

Ku ji da kyau: in za ku tsara yadda za ku zauna tare, ku faɗe shi gajere, ku faɗe shi da wuri. Ku kuma sa ido a kan wanda kullum shi ke cewa a ƙara gyara.

Ƙungurus kan kusu. Ku tashi haka nan.