Farin Duma a Kan Jinka

Dalilin da ya sa kuke ganin farin duma a kife a ƙololuwar kowane ɗakin jinka na Tudun Aduwa, alhali a wasu garuruwan ƙwan jimina ake ɗorawa, shi zan gaya muku yau. Ku matso inuwa. Ke mai tsifar kai, ba ni kunnenki, don ni ba na maimaita magana.

A da can, mu ma ƙwan jimina muke ɗorawa. In an gama baibayar ɗaki, sai a huda ƙwai, a tsiyaye abin da ke ciki, a kifa shi a kan tsinin sandar da ke ƙololuwa. Yana toshe inda ruwan sama kan bi ya shiga, ga kyau, kuma an ce yana kare gida daga bakin mutane. Ɗakin da ba shi da ƙwai kuwa, sai ka ji ana cewa, "Wane ya gina ɗaki ba hula." Abin kunya ne ba kaɗan ba.

A lokacin wa ke ƙirga jimina? Dajin gabas cike yake da su. Mata masu itace da makiyaya da su suke auna daji. In jimina na kiwo kanta a ƙasa, to lafiya lau. In ta miƙe wuya ta ƙura wa waje ɗaya ido, kowa sai ya tattara komatsansa ya yi gida. Allah bai ba ta tashi sama ba, amma ya ba ta ido da dogon wuya, kuma duk garin nan ya ci moriyarsu.

To, akwai wani mai jinka ana ce masa Nomau. Gwani ne, ba na rage masa komai, sai dai akwai shi da cika baki. Kullum maganarsa ɗaya: "Ni Nomau ban taɓa sauka daga kan ɗaki na bar shi ba hula ba." Shi ke shiga daji da kansa ya samo ƙwan. Da farko kafin hantsi ya dawo. Da gari ya ƙaru, ɗakuna suka yawaita, sai ya zama sai ya wuni. Daga baya har kwana yake yi. In an tambaye shi, sai ya yi tsaki ya ce, "Jiminun nan wayo suka yi, sun ƙara gaba." Kowa ya yarda, don ba wanda ya taɓa kawo wani abu daban a ransa.

Wata shekara, ana dab da faɗuwar damina, Maigari Arzika ya gina sabon zaure. Maza arba'in suka ɗaga tsaikon jinkar, Nomau ya baibaye ta da shuci har tana sheƙi. Saura hula. Maigari ya ce, "Nomau, ƙwan da ya fi kowanne girma nake so."

Nomau ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Ya rataya gorar ruwa ya nausa gabas. Kwana uku yana yawo, ko sawun jimina bai gani ba. A rana ta huɗu, da hantsi, sai ga wani fili mai rairayi a tsakiyar dogayen ciyawar gamba, ba ko tsinke a kansa. Ga macen jimina kwance a tsakiya, ga namijin, baƙi wuluk, yana kiwo a gefe. Da ta gyara kwanciya, Nomau ya hango ƙwai, ya ƙirga bakwai. Murna ta kama shi. Ya san dai shurin jimina na farke cikin mutum, don haka ya laɓe cikin gamba, ya kwanta rub da ciki, yana jira su ba da baya.

Rana ta take. Can sai namijin ya daina kiwo. Ya miƙe wuya, ya ƙura ido ta saman kan Nomau, ya kumbura maƙogwaro ya yi wani irin gurnani. Nomau ya ce a ransa, "Shi ke nan, ya gan ni." Amma tsuntsun ba shi yake kallo ba. Sai maganar mata masu itace ta faɗo masa, ya miƙe ya waiga. Innalillahi! Wuta ce ta ci daji, iska na koro ta, ta riga ta zagayo ta dama da hagu. Da ya ƙara jimawa kaɗan a kwance cikin busasshiyar ciyawar nan, da sai dai a tsinci ƙarfen wuƙarsa.

Ba wurin da ba ciyawa sai filin sheƙar. Nomau ya ruga can, yana cewa gara shuri da wuta. Ya zube a rairayi, taku biyar tsakaninsa da macen, ya rufe ido yana jiran ƙafa ta sauka a bayansa. Shiru. Namijin ya kalle shi sau ɗaya, ya mai da idonsa ga wuta. Macen kuwa ko motsi ba ta yi ba. Ta baza fukafukai ta lulluɓe ƙwanta, ta shimfiɗe wuya a ƙasa. Wuta ta zagaye filin tana ruri, tartsatsi na zuba, Nomau na jin ƙaurin gashinta yana babbaka, amma ba ta tashi ba. Shi ma kunnensa na hagu ya ƙone, har ya mutu da tabon.

Da wuta ta wuce, ya zauna yana kallonsu. Ga ƙwai nan kusa, ga tsuntsaye sun galabaita, in ya so ɗauka ba mai hana shi. Hannunsa ya ƙi miƙuwa. Ya ce, "Na zo yi muku sata, kuka ba ni masauki. Na gode." Ya tashi ya kama hanyar gida hannu rabbana.

Da ya hau tudun da ke bayan gari, sai ya tsaya shan iska. Rana na haska ɗakuna, kowane ɗaki da farin ƙwansa yana walƙiya, unguwa bayan unguwa. Kullum in ya ga haka ƙirjinsa kan buɗe don alfahari. Ran nan kuwa sai ya dafe kai. Ya ce, "Wayyo ni! Ashe ba gaba suka ƙara ba. Ga su nan a kan ɗakunanmu, kuma ni na ɗora su."

Bai zarce fada ba, sai ya biya gidan yayarsa Tasalla, mai fafe duma tana yin ƙwarya. Mace ce mai kaifin baki, amma kanta na ja. Tana shafa masa man shanu a kunne yana ba ta labari. Ya ce, "Yaya, biyun nan su suka rage, na rantse. In aka taɓa ƙwan nan bakwai, an gama da jimina a ƙasar nan."

Ta ce, "Yau ka sani? To wai ƙwan nan, aikin me yake yi a kan ɗaki?"

"Yana tare ruwa."

"Tare ruwa kawai? Duma me ya yi maka?"

Ta jawo wani ƙosasshen duma mai kauri, ta huda shi, ta kwashe cikin. Ta dama farar ƙasa da ƙaro don kada ruwa ya wanke, ta shafe shi fes. Da ya bushe, ta ce, "Ɗora wa Maigari wannan. Daga ƙasa wa zai gane?"

Nomau ya ce, "A'a, Yaya. Ƙarya kwana nawa za ta yi? Gaya masa zan yi."

Ya je fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ajiye duma a gaban Maigari, ya zayyana komai. Maigari ya haɗe rai. Ya ce, "Duma? A kan zaurena? So kake baƙi su ce Maigarin Tudun Aduwa ya kifa wa zaurensa ƙwaryar fura? Ka ga ƙwai bakwai da idonka, ka kawo mini abin miya! Gobe ka raka maharba wurin."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, in ba don tsuntsayen nan ba, da yanzu zaman makokina ake yi. A yi mini alfarma ɗaya. A bar ni in ɗora duman nan zuwa ruwan farko. In ko ɗigo ɗaya ya sauka cikin zaure, ni da ƙafata zan kai maharba. In bai sauka ba, a bar wa jimina ƙwanta."

Maigari mutum ne mai son a gwada abu a gaban jama'a. Ya ce, "Na yarda. Ɗigo ɗaya fa, Nomau."

Nomau ya hau ya kifa duma a ƙololuwar zaure. Kwana tara bai ci abincin kirki ba. Kullum idonsa na gabas, yana son ruwa kamar kowane manomi, yana kuma tsoronsa. A rana ta goma, bayan azahar, hadari ya haɗo, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Dattawa suka cika zaure. Maigari ya sa aka ajiye masa buzu daidai ƙarƙashin ƙololuwa, ya zauna, ya tuɓe hula. Ga shi da sanƙo, ko ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba sai ya ji shi. Kowa ya zuba wa sanƙon Maigari ido, Nomau na tsugune a bakin ƙofa yana ta salati a zuci. Aka yi ruwa har la'asar. Da ya ɗauke, Maigari ya shafa kansa, ya duba tafin hannunsa, a bushe ƙamas. Ya fashe da dariya ya ce, "Kai, duman nan ya fi wasu fadawana riƙon amana! Daga yau, wanda ya taɓa ƙwan jimina, ni ya taɓa."

Kuna tsammani an gama ko? Ina! Saura wautar da muka tafka, mu da kanmu.

Da mutane suka ji wuta ta cinye ciyawar da ke kare sheƙar, ga dila ga ungulu, sai tausayi ya kama su. Mutanen garin nan kuwa, in suka ƙaunaci abu, ɗaki suke yi masa. Washegari aka ɗauki tsaiko da shuci, maza da mata, Nomau a gaba. Jiminun suka hango taron, suka ja da baya can nesa. Aka kafa ɗaki a kan ƙwan, Nomau ya baibaye shi da hannunsa, aka bar ƙofa mai faɗi, har da farin duma a sama. Aka koma gefe ana jiran maigida da uwargida su tare.

Suka ƙi. Hantsi ya wuce, azahar ta yi, suna can tsaye suna kai da kawo. Ƙasa kuma da sanyin ruwan jiya. Tasalla ta ce, "Nomau, ƙwan nan fa hucewa yake yi." Hankalinsa ya tashi. Ya sunkuya ya shiga ɗakin ko zai gane abin da ya ɓata, ya tsuguna kusa da ƙwai, ya duba gabas ya duba yamma. Ba abin da yake gani sai ciyawa, kamar ranar da ya kwanta cikin gamba wuta na tahowa bai sani ba. Ya fito da gudu yana ihu: "Ku cire! Ku cire! Mun rufe mata ido! Wadda ke hango wa gari duka, ita muka sa a ɗaki?"

Mutumin da bai taɓa rushe aikinsa ba, shi ya fara yanke igiya. Aka kwashe komai, aka share sawu, aka ja baya. Nomau ya miƙa hannu ya ɗaga babban yatsa, ya ce a yi ta ja da baya har sai yatsa ya rufe jimina ɗungurungum. Sai da suka kai kan wani tudu. Can dab da la'asar macen ta tako a hankali, ta zagaya sheƙar sau biyu, ta jujjuya ƙwan da baki, ta kwanta. Nomau ya zauna daɓas a ƙasa, hawaye na zuba, bai ma ɓoye ba.

Daga ranar aka raba gadi, kowace unguwa da ranarta. Daga kan tudu ake yi, da majajjawa don korar dila. Aka hana karnuka da garken shanu bi ta wajen, aka nome ciyawa a zagaye saboda wuta. Bayan mako uku, ranar gadin Nomau, sai ya ga wasu 'yan abubuwa masu tsikar gashi kamar bushiya suna bin ƙafar uwar. Ya ƙirga biyar. Biyun sanyin ɗakinmu ya kashe su, kuma ba mu taɓa ɗora wa kowa laifin ba sai kanmu.

Shi ya sa har yau ba a ɗora ƙwan jimina a Tudun Aduwa, sai farin duma, kuma mai jinka ba ya sauka sai ya juya gabas ya ce, "Mun gode." Shi ya sa in an kai ku kallon jimina ake cewa ku ɗaga babban yatsa. Garken da kuka hango bara daga kan tudu, duk jikokin biyar ɗin nan ne. Ku kuma da kuka buɗe baki kuna kallona, Nomau kakan kakanku ne, kuma ranar da wutar nan ta tashi bai haifi ko ɗa ɗaya ba. Da tsuntsun nan bai ɗaga wuya ba, da inuwar nan ba kowa a cikinta yau.