Tsumman da aka ɗora wa jaki

Akwai wata ƙungiyar mata a Bande, masu lambu a gefen rijiya. Suna da al'ada: duk shekara in sun ɗinka anko, a yanko ƙyalle ɗaya a ba tsohuwa Gaji ta haɗa da na bara, har suka zama zane guda. Gaji ba ta karatu, amma in ta dafa ƙyalle za ta faɗa maka abin da aka yi a shekararsa.

Da Zalika ta zama shugaba, ta ce ita ta yi lakwal, wato boko, don haka kaye za a saya, littafin da za a riƙa rubuta komai a ciki.

"Inna, wannan tsumma kunya yake ba mu," in ji ta. Ta ba Rabilu mai amalanke ya shimfiɗa wa jakinsa.

Gaji ta daina zuwa taro.

Bana wani ɗan kasuwa ya ce filin lambun na ubansa ne. Mai gari ya ce mata su kawo shaida ranar Laraba, ko su kwashe shukarsu.

Zalika ta buɗe kaye. Shekara biyu ce kawai a ciki. Ta bi gida-gida, kowa ta ce a tambayi Gaji.

"Inna, wa ya ba mu filin?"

"Ina tsummana?"

"Don Allah ki tuna haka nan."

"Kaina ba kaye ba ne, 'yar nan. Sai na taɓa."

Rabilu kuwa ya tafi Dantchiao da wake. Zalika ta hau kabu-kabu, ta same shi a hanya, ta cire zanen daga bayan jaki, duk gumi.

Ranar Laraba Gaji ta shimfiɗa shi gaban mai gari, ta bi shi da yatsa har ta kai kan wani shuɗi.

"Shekarar fāra. Ubansa da bakinsa ya ba mu, gaban Maina da Ilyasu."

Aka kira Maina, ya ce haka aka yi. Lambu ya tsira.

Amma igiyar amalanke ta cinye ƙyalle uku a tsakiya. Zalika ta tambaye ta me ke wurin.

Gaji ta sa yatsa cikin hujin.

"Wani wuri a nan uwarki ta yi shugabanci. Abin da ta yi, ban sani ba kuma."

Darasi: Kafin ka zubar da abin da tsoho ya adana, zauna ka tambaye shi me ke ciki, ka rubuta tun yana da rai. Ku tura wa 'yan ƙungiyarku su karanta.