Mutumin da Ya Sayar da Tattasai Ɗaya Sau Biyu

An yi wani mutum a Jiratawa, manomin rani. Ba zan faɗi sunansa ba, don 'ya'yansa suna nan cikinmu. Fili ɗaya gare shi a bakin gulbi, cikin filayen da ƙungiyar manoma ke ba ruwa, kuma da shi yake ci da gidansa. A fada, majalisar abokan da yake shan shayi da su, ana ce masa Sarkin Tattasai, sunan kuwa yana yi masa daɗi ƙwarai.

Wata shekara tsutsa ta cinye shukarsa. Ya tashi hannu wofi, ga kuɗin taki jika tamanin na Alhaji Shamsu, wani ɗan kasuwa a Sabon Garin Maraɗi, ga kuɗin ruwa na ƙungiya. Dokar ƙungiya kuwa kowa ya san ta: wanda ya kasa biyan ruwa, ana karɓe filinsa a ba wani.

Ya 'yan uwa, bashi ba zunubi ba ne. Wa ke cikinmu da bai taɓa ci ba?

Matarsa Hidaya ta zaunar da shi. Ta ce, "Baban Zainabu, tashi ka tafi wurin Alhaji tun bai aiko ba. Ka faɗa mishi gaskiya gaban liman, ya raba maka biyan girbi biyu. Ka ba ƙanenka rabin fili ya noma, ya ɗauke maka kuɗin ruwa. In abin ya ƙi, mai bashi na da rabo cikin zakka."

"Zakka? Ni? A ji a fada na yi layi da gajiyayyu?"

"Fadar ce za ta biya maka? Su da ko sukarin shayi kai ke saye?"

Ya kaɗa riga ya fita. Ta sake yi masa maganar, ta kuma, har ya rantse in zancen ya fita ƙofar gida, ita ma ta bi shi.

Ya sake shuka, tattasai ya yi kyau. Kun san yadda muke yi: manomi in ya matsu, yakan sayar da amfani tun yana gona. A kewaya fili, a yi ciniki, mai saye ya biya, ya dawo ranar tsinka. Haka ya sayar wa Maman Lawali, dillali daga Maraɗi. Da kuɗin suka shiga hannu sai ga babbar salla. Ya sayi rago mai ƙaho, don kada a ce Sarki ya gaza.

Da Alhaji ya aiko neman kuɗinsa, sai mutumin ya tafi Tibiri wurin Hajiya Tsahara mai shanya tattasai, ya sayar mata da wancan tattasan dai. Ya ce a ransa, kafin tsinka zai mayar wa ɗaya da kuɗinsa. Da me? Bai tambayi kansa ba.

Ranar tsinka Maman Lawali ya iso da mota, ya tarar da Hajiya Tsahara da mata cikin fili suna cika buhuna.

"Hajiya, mi kike yi cikin tattasaina?"

"Naka? Yaro, ina kake ranar da na biya?"

Aka kai manomin gaban mai gari, abokan shayinsa duk suna tsaye suna kallo. Aka raba tattasan biyu, sauran kuɗin kowa ya hau kansa. Ƙungiya ta ce za ta yi masa jinkirin kuɗin ruwa in wani zai tsaya masa. Ba wanda ya fito. Ƙanensa ma ƙasa ya duba. Filin da ubansu ya bari ya koma hannun wani.

Yau yana dakon buhuna a kasuwar Maraɗi. Dambun zogalen Hidaya ne ke riƙe da gidan.

Ya 'yan uwa, tsutsa girbi ɗaya ta ci masa. Girman kai da ƙarya su suka ci filin. Allah ya umarci mai bin bashi ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, amma yaya zai jinkirta wa wanda ya ɓoye masa?

Duk wanda bashi ya danne a cikinmu, kada ya jira wata salla. Gobe da safe ya wanke fuska, ya nemi dattijo ɗaya, su tafi tare. Kunyar ba ta wuce tsayuwar ƙofar gida.

Allah ya sauke mana nauyin mutane tun muna da numfashi, ya kiyaye mu da sayar da abin da ba namu ba. Amin.