Akuyar Azumi a Lambun Makaranta

Dalilin da ya sa kuke ganin akuya a turke tun daga ruwan shuka har kaka, ku matso kusa ku ji shi.

A da can akuya ba ta san igiya ba. Rani da damina yawonta take yi, ta ci ciyawar bakin hanya ta koma gida, ba wanda ya taɓa kai ƙararta. Akwai wata yarinya mai suna Azumi, wadda akuyarta kan raka ta makaranta, ta kwanta a gindin taga tana tuƙa, tana sauraron karatu.

Malaminsu, Malam Tanimu, mutum ne mai son lambu kamar ransa. Da ruwa ya sauka ya raba wa yara kunya-kunya a bayan aji, suka shuka gyaɗa da kuɓewa da yakuwa. Ya yi musu alkawari, in amfani ya yi kyau, ranar hutu za a ɗora tukunya kowa ya ci ya ƙoshi.

Shuka ta fito, ciyawa ta biyo ta. Malam ya tara su ya nuna musu yadda ake riƙe fartanya, da yadda ake kama ciyawa daga gindi a tuge ta da saiwa, a kaɗe ƙasar. Wani yaro ya tambaya yaya za su bambance ciyawa da shuka. Malam ya ce, "Abu mai sauƙi. Duk abin da ba kai ka shuka ba, ciyawa ce. Cire shi."

Azumi kuwa ba ta ƙin cin gyaɗa, sunkuyon ne ba ta so. Ta ɗan taɓa aikin, ta duba tafin hannunta, ta ga kamar zai yi kanta. Da aka tashi kowa ya tafi, kunyarta na nan cunkus da ciyawa, ga ƙawayenta can suna carafke a inuwa. Sai akuya ta matso ta ce ta bar mata aikin, ai ita ma ta ji darasin, kuma ba ta neman lada sai abin da ta cire.

"Kin tabbata kin gane?" in ji Azumi.

"Na fi wasu 'yan ajinku ganewa."

Azumi ta buɗe mata ƙofar lambu, ta ruga wajen wasa.

Washegari da safe ta zo ta tarar da yara sun yi cirko-cirko, Malam ya riƙe haɓa. Ba gyaɗa, ba kuɓewa, yakuwa sai kara. Akuya na kwance a tsakiya, ciki ya yi tulu, tana jiran yabo. Ƙananan yara suka fara hawaye, don sun ga tukunyar hutu ta tafi.

Aka kai magana gaban mai unguwa. Akuya ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, Malam ya ce duk abin da ba kai ka shuka ba ciyawa ce. Na duba lambun nan kaf, ban ga ko ɗaya da na shuka ba."

Mai unguwa ya danne dariya da gefen rawani, ya dubi Malam. Malam ya sosa ƙeya ya ce lallai haka ya faɗa. Aka tambaya wa ya buɗe ƙofa. Azumi ta ɗaga hannu a hankali, kanta a ƙasa.

Mai unguwa ya ce tunda akuya ba ta shuka komai, duk gonakin gari ciyawa ne a wurinta, don haka a ɗaure ta har a kawar da amfani. Azumi kuwa, da ta guji ciyawar kunya guda, ita za ta riƙa yankowa tana kai mata kullum. Malam ya sake ba su iri, Azumi ta shuka, ta nome kunyarta da hannunta, tana gamawa ta ɗauki lauje.

Shi ya sa har wa yau, damina na kamawa ake turke akuya, ku kuma a tura ku yanko mata ciyawa. Ita dai har yanzu ba ta ga laifinta ba. In kun wuce ta kusa da turke, ku saurara, tambaya take yi: "Me? Me?"