Yatsu Biyu a Sirdin Keke

Akwai wani malamin motsa jiki da abokansa ke kira Jirgi, saboda idan ya hau keke bayansa kawai za ka gani. Yana da ƙarfi, wannan ba a ja da shi. Matsalarsa ita ce ya san yana da ƙarfin, kuma yana so kowa ya sani.

Ƙanwarsa, autar gidansu, tana fama da ciwon ƙoda. Tana aure a can ɗaya ƙarshen ƙasar, inda asibitin garin ke da injin wanke ƙoda guda ɗaya tak. Mutum ya zo ranar Litinin, a ce masa sai Alhamis.

Sai wata ƙungiyar masu hawan keke ta shirya tafiyar neman taimako. Mutum goma sha huɗu za su ratsa ƙasar daga wannan ƙarshe zuwa wancan cikin kwana goma sha biyu, duk garin da suka tsaya su yi wa jama'a bayani, har a samu a ƙara wa asibitin inji.

Kowane mahayi an ɗaura masa jan ƙyalle a hannun kekensa, ɗauke da sunan mara lafiya ɗaya. Idan an isa, kai da hannunka za ka miƙa wa mai sunan. Amma akwai doka: duk wanda ya gaza ya shiga motar da ke bin su a baya, to ya kwance ƙyallensa ya ba wani ya ƙarasa da shi.

Jirgi ya ɗauki ƙyallen Auta. Ranar tashi ya kira ta a waya ya ce, "Ni zan kawo miki shi, kuma ni zan fara shiga ƙofar asibitin nan."

Ta ce, "Yaya, ni dai ka iso kawai."

A cikin tawagar akwai wani dattijo da ake kira Baba Tela. Shekara arba'in yana taka keken ɗinki, kuma shi ya ɗinka duk ƙyallayen nan. Ba ya sauri, ba ya kuma tsayawa. Yadda ya taka feda da safe haka zai taka ta da yamma, kamar yana ɗinke bakin zani.

Tun ranar farko, da aka tsaya shan ruwa, Baba Tela ya matso kusa da Jirgi.

"Ɗana, sirdinka ya yi tsawo. Da yatsu biyu. Ina bayanka ina kallo, ƙugunka na karkata duk takun da ka yi."

Jirgi ya ɗaga sirdin ne da gangan, domin ya ga haka 'yan tsere ke yi. Ya kalli dattijon sama da ƙasa.

"Baba, wannan ba wando ba ne da za ka rage masa tsawo."

Aka yi dariya. Baba Tela ma ya yi murmushi, ya koma gun kekensa.

To, wanda bai taɓa irin wannan tafiya ba, bari in faɗa masa. Ba tudu ke kashe mutum ba, iska ce. Shi ya sa ake jeruwa a layi ɗaya. Na gaba yana shan bugun iska na minti goma, sauran na fakewa a bayansa, sannan ya koma ƙarshen layi ya huta, na biye da shi ya karɓa. Haka ake yi, karɓa-karɓa, har rana ta faɗi.

Jirgi kuwa ya ƙi wannan tsari. Idan ya hau gaba ba ya sauka. Ya sa wa keken giya mai nauyi ya danna, layi ya tsinke, kowa ya sha tasa iskar shi kaɗai. Kyaftin, wato matar da ke jagorantar tafiyar, ta yi magana har muryarta ta dushe.

"Jirgi, minti goma aka ce."

"Ni ban iya laɓewa a bayan wani ba, Kyaftin."

Zuwa kwana na biyar gajiya ta gama shiga jikin kowa. Hira ta ƙare. Tafin hannu ya yi kanta, wuya ya sandare, zama a kan sirdi da safe sai an cije baki. Ruwan gora ya yi ɗumi kamar na wanka. Hanya kuma ga ta nan, ba ta ƙarewa.

Ranar sun kwana a wani ajin makaranta, an ture tebura gefe an shimfiɗa katifu. Da safe, ana shan shayi a ƙarƙashin allo, Jirgi ya miƙe.

"Kyaftin, a faɗi gaskiya. Kullum sai mun tsaya jiran mutum ɗaya. Jiya minti arba'in muna tsaye a rana. Baba ya yi ƙoƙari, Allah ya ba shi lada, amma ya shiga mota ya huta. Ƙyallensa ni zan ɗauka, biyu ba za su yi mini nauyi ba."

Wallahi ni da ake ba ni labarin nan sai da na ji kunya a madadinsa.

Baba Tela ya kurɓi shayinsa, ya ajiye kofi a kan tebur.

"Ku yi haƙuri da jiran da nake sa ku. Amma wannan ƙyallen ba na bayarwa ba ne."

Kyaftin ta ce magana ta ƙare, kowa ya duba tayarsa.

Abin da Jirgi bai gaya wa kowa ba shi ne, tun kwana na uku bayan gwiwarsa ta dama ke masa zafi. Ya riƙa shafa magani a ɓoye. Kwana na bakwai ya fara ɗingishi idan ya sauka. Kwana na tara da hantsi, a tsakiyar wani dogon tudu, ƙafar ta ƙi.

Ɗaya bayan ɗaya mutanen da ya saba bari a baya suka zo suka wuce shi. Ya sauka, ya jingina keken da ƙarfen gefen titi, ya zauna a ƙasa. Gwiwar ta kumbura, ko lanƙwasa ta ba ya iya yi sosai.

Mota ta tsaya a bayansa. Direba ya buɗe ƙofa. Kujera ce mai laushi, ga sanyi na fitowa daga ciki.

Kyaftin ta juyo ta duba ƙafar.

"Saura kwana uku, kuma asibiti sun sa lokacin tarbarmu. Ba zan iya riƙe mutum goma sha uku ba. Ka ba ni ƙyallen, ni da kaina zan kai wa ƙanwarka."

Jirgi ya kalli ƙyallen. Rana ta koɗar da shi, gumin hannunsa ya sa shi duhu a gefe, amma sunan Auta na nan raɗau. Ya sa hannu a ƙullin, amma ya kasa kwance shi. Ƙaton mutum kamar wannan, hawaye ya zubo masa a bakin titi.

Daidai lokacin Baba Tela ya iso, na ƙarshe kamar kullum. Ya sauka a hankali, ya zaro tef ɗin awo daga aljihun riga.

"Tashi tsaye, ɗana. Dafa mota."

Ya auna shi daga cinya zuwa diddige, kamar zai yanka masa wando. Ya je ya auna keken. Ya karɓi sifana a gun direba, ya sauke sirdin. Yatsu biyu ne cif.

"Ba zai warkar da kai ba, amma zai daina ƙara maka. Ka sa giya mafi sauƙi, wadda kake rainawa. Ka manna tayarka a bayan tawa. Kada ka kalli hanya, tayata kawai za ka kalla."

Kyaftin ta ce, "Baba, in ka tsaya da shi ba za ku riski tarba ba. Kuma ba mai karɓar ka, kai kaɗai za ka sha iska har kwana uku."

"Ai dama ni kaɗai nake shan ta tun da muka taso," in ji Baba Tela. "Wanda aka bari a baya ba shi da inda zai fake."

Jirgi ya sunkuyar da kai. Ya san wanda ya riƙa tsinke layin.

Haka aka yi. Tawaga ta yi gaba, su biyu suka biyo baya, mota na rarrafe a bayansu. Suna tashi tun kafin kowa, suna isowa masauki bayan kowa ya yi wanka ya ci abinci. Kwana uku Jirgi bai ga gari ba, bai ga gona ba. Abin da ya gani kawai shi ne tsohuwar tayar baya mai faci biyu, da diddigen dattijo na hawa na sauka.

A kwana na goma sha ɗaya iska ta tsananta. Jirgi ya ga kafaɗun Baba Tela na sama da ƙasa, numfashinsa na fita da ƙyar.

"Baba, bari in karɓe ka ko na minti biyar."

"Da wace gwiwar? Zauna inda kake."

Can Jirgi ya sake magana.

"Baba, maganar da na yi a ajin nan..."

"Ajiye numfashinka, akwai tudu a gaba."

Ranar ƙarshe sun shiga ƙofar asibiti da yamma, awa uku bayan an watse. Ma'aikata na tattara kujeru, wani na naɗe tutar maraba. Babu tafi, babu mai ɗaukar hoto. Mai gadi ne ma ya tambaye su ko sun zo duba mara lafiya ne.

Jirgi ya kwance ƙyallen da haƙori, don yatsunsa sun ƙi aiki. Ya hau bene yana dafa bango, mataki ɗaya-ɗaya.

Ɗaki ne mai gado shida da warin magani. Auta na kwance a na biyu, ta rame, an manna mata bututu a hannu. Sauran gadaje huɗu kowanne da jan ƙyalle a ɗaure. Nata ne babu.

Da ta gan shi sai ta yi dariya mai haɗe da kuka.

"Yaya, kai da za ka fara shigowa?"

"Na ƙarshe na zo, Auta."

"Ai cewa na yi ka iso."

Ya ɗaura mata ƙyallen a wuyan hannu. Ya zauna a bakin gadon, ya ji kamar an sauke masa buhu daga kai.

Can sai ga Baba Tela ya shigo. Ya gaida kowa. Ya wuce har ƙarshen ɗakin, gun gadon da ke jikin taga. Babu kowa a kai, an gyara shimfiɗa an ɗame ta. Ya ɗaura ƙyallensa a ƙarfen gadon, ya gyara ƙullin yadda sunan zai fito, ya tsaya yana kallo.

Jirgi ya rage murya. "Mai wannan gadon an sallame shi ne?"

Auta ta girgiza kai.

"Matarsa ce. Daga garinku 'yarsu ta kawo ta nan jinya. Kwana shida tana jiran layin inji, ranar na bakwai ta rasu. Shi yana hanya, bai riske ta ba. Wata huɗu ke nan."

Jirgi ya tuna ajin makarantar, da kofin shayi, da bakinsa na cewa biyu ba za su yi masa nauyi ba. Ya miƙe da ƙyar, ya ɗingisa har gun dattijon. Ya tsaya a gefensa.

Baba Tela ya dafa kafaɗarsa.

"Taka tana da rai, ɗana. Shi ya sa na ce ba za ka shiga motar nan ba. Koma ka zauna da ita."

Darasi: Kada ƙarfinka ya sa ka raina wanda ke tafiya a hankali, domin ba ka san nauyin da ya ɗauko ba, kuma ba ka san ranar da za ka fake a bayansa ba. Idan wanda ya girme ka ya gyara maka abu, ko da na yatsu biyu ne, ka tsaya ka saurara kafin ka yi dariya. Ka tura wa 'yan uwa da abokai wannan labari, musamman wanda ka san ba ya iya jiran na baya.